Dodon Bango: Nazari a Kan Dabarun Finafinan Ban Tsoro da na Ƙagaggen Kimiyya a Idon Mai Kallo Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Akwai wani abu da aka sha lura da shi a wuraren da jama'a ke taruwa kallon fim a garin Minna, ko a Limawa ne ko a Bosso ko a Tunga. Idan aka zo wurin da aljani zai bayyana a fim ɗin Hausa, fuskarsa shafe da farar hoda, idanunsa jajir, yana ƙyalƙyala dariya mai amsa-kuwwa, sau da yawa sai a ga 'yan kallo sun tuntsire da dariya. Amma waɗannan masu dariyar, da yawansu ba za su yarda su ratsa ta gindin tsamiya da almuru ba, ba kuma za su zuba ruwan zafi a ƙasa da dare ba tare da bisimilla ba. Ke nan tsoron yana nan daram a zukatansu, fim ɗin ne ya kasa isa gare shi.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin dalilin wannan giɓi. Takardar tana da ra'ayin cewa ƙa'idojin shirya finafinan ban tsoro da na ƙagaggen kimiyya an gina su ne a kan wani tunani na al'ummar da ta ƙirƙiro su, kuma mai shirya fim Bahaushe ya ari ɓawon ƙa'idojin ne ya bar ƙwayar. Ya ari dabarar nuna dodo, alhali tsoron Bahaushe a kan abin da yake ɓoye ya ginu. Za a fara da bayanin ƙa'idojin, sannan a duba hanyoyin da suka biyo suka iso ƙasar Hausa, da wuraren da suka ci karo da tunanin mai kallo, da kuma tubalan gida da za a iya yin gini da su.

2.0 Ƙa'idojin da Asalinsu

Abin da ake nufi da ƙa'ida a nan shi ne wata dabara da masu shirya fim suka yi ta maimaitawa har ta zama yarjejeniya tsakaninsu da masu kallo, kamar yadda mai sauraren tatsuniya ya san abin da zai biyo baya da zarar an ambaci Gizo da Ƙoƙi.

2.1 Fim ɗin Ban Tsoro

Tsohuwar dabara a wannan fage ita ce ta ɓatar da mutum a idon mai kallo. Georges Méliès na ƙasar Faransa ya yi amfani da ita tun a 1896: a tsayar da kyamara, a janye ɗan wasa, a ci gaba da ɗauka, sai a ga kamar ya ɓace. Daga baya masu shirya fim na Jamus suka kawo wasa da haske da inuwa. A fim ɗin Nosferatu (1922) na F. W. Murnau, inuwar dodon da take hawa matakala ita ce hoton da ya fi zama a zukatan mutane. A Amurka kuwa, finafinan Dracula da Frankenstein, duka na 1931, su suka kafa siffar tsohon gida da hazo da tsawa.

Abin lura shi ne, yawancin finafinan da suka yi fice a wannan fage ɓoyewarsu ta fi nunawarsu yawa. A Cat People (1942) na Jacques Tourneur, sawun tafiya da motsin ganye da inuwa a bango ne ke ɗauke da tsoron. A Psycho (1960) na Alfred Hitchcock, yankan hoto da sauri da kukan goge na Bernard Herrmann su ke sa mai kallo ya ɗauka ya ga abin da ba a nuna masa sosai ba. A Jaws (1975) kuwa, kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a lokacin ɗauka, sai Steven Spielberg ya koma ga ɓoye shi a yawancin fim ɗin, ya bar kiɗan John Williams yana sanar da zuwansa.

Ta fuskar zubin labari, Carroll (1990) ya fitar da matakai huɗu da yawancin irin waɗannan finafinai ke bi: ɓullowar dodo, da gano shi, da tabbatar wa sauran jama'a cewa yana nan, da kuma arangama da shi. Ya kuma bambanta dodon tatsuniya da dodon fim ɗin ban tsoro. A tatsuniya, dodo ɗan gari ne, ba wanda ke mamakin samuwarsa. A fim ɗin ban tsoro kuwa, dodo baƙo ne da ya faɗo cikin duniyar da ba ta yarda da samuwarsa ba. Kafin Carroll, Todorov (1970) ya nuna cewa daɗin irin wannan labari yana cikin kokwanton mai karatu ne: shin abin nan yana da dalilin da hankali zai kama, ko kuwa daga wata duniya yake?

2.2 Fim ɗin Ƙagaggen Kimiyya

Wannan rukuni ɗan uwan na farko ne, sai dai halinsu ya bambanta. Shi yana baje kayansa ne a fili domin mai kallo ya yi al'ajabi. Tun daga tafiya duniyar wata da Méliès ya shirya a 1902, zuwa birnin injuna na Metropolis (1927) na Fritz Lang, har zuwa Star Wars (1977), ƙa'idar ita ce a buɗe da faffaɗan hoto na wata duniya sabuwa. Suvin (1979) ya bayyana cewa ginshiƙin irin wannan labari shi ne wani sabon abu guda, na'ura ko halitta ko tsarin rayuwa, wanda aka ba shi dalili irin na ilimi, sannan a bi sakamakonsa. Saboda haka ba a rasa masani a cikin taurarin labarin, wanda aikinsa shi ne bayani. Inda rukunan biyu suka haɗu, kamar a Alien (1979) na Ridley Scott, jirgin sama-jannatin a fili yake, amma halittar da ke cikinsa gaɓa-gaɓa ake hango ta cikin duhu.

3.0 Hanyoyin da Aron Ya Biyo

Tun farkon zuwan sinima ƙasar Hausa aka haɗa ta da duniyar ɓoye. Larkin (2008) ya kawo sunayen da Hausawa suka raɗa mata, wato majigi da kuma dodon bango. An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta Kano, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa kuma suka fassara abin a matsayin hukuncin Allah. Wannan ya nuna cewa tun asali Bahaushe bai ɗauki hoto mai motsi a matsayin abin wasa kawai ba.

Bayan da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, masu shirya su sun tarar da rijiyoyi uku da za su ɗebi dabarun ban tsoro. Ta farko ita ce Indiya, inda finafinan macijiya mai rikiɗa kamar Nagin (1976) da Nagina (1986) suka daɗe da samun karɓuwa. Ta biyu ita ce kudancin Nijeriya. Fim ɗin Living in Bondage (1992), wanda Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyinsa, ya kafa zubin tsafin kuɗi da fatalwa mai ramuwa da ceto a hannun mai wa'azi, sai Nneka the Pretty Serpent (1994) ya ƙara da kyakkyawar mace mai rikiɗa. Ta uku ita ce Amurka, musamman The Exorcist (1973) na William Friedkin, wanda ya kafa siffar yarinya mai magana da muryar da ba tata ba.

A gari kamar Minna, wanda ya bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo kuma ya zama hedikwatar Jihar Neja a 1976, waɗannan rijiyoyi uku duk a gaban mai kallo suke. Bahaushe da Banufe da Bagwari da Bayarabe da Ibo suna zaune a unguwa ɗaya, suna kallon finafinan juna. Don haka mai kallo a nan ya riga ya ga asalin dabarar kafin ya ga kwafinta, kuma ba ya rasa gane kayan aro.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

4.1 Matakin Tabbatarwa

Mataki na uku a tsarin Carroll shi ne ƙashin bayan fim ɗin Turai da Amurka. A Jaws, magajin gari ya ƙi yarda a rufe bakin teku. A The Exorcist, uwar yarinyar ta zagaya likitoci da ɗakunan gwaji da masu duba ƙwaƙwalwa kafin ta nufi limamin coci. Wannan dogon jinkiri shi ke tara fargaba, domin mai kallo ya san abin da taurarin suka ƙi yarda da shi.

A wajen Musulmi Bahaushe kuwa, samuwar aljanu ba abin muhawara ba ce. Sura ta 72 ta Alƙur'ani mai girma sunansu take ɗauke da shi. Idan yarinya ta faɗi tana fisge-fisge, kafin a ɗauke ta daga ƙasa wata dattijuwa ta riga ta ce iska ce. Saboda haka idan marubucin fim ya aro tauraro mai musun samuwar aljani, 'yan kallo za su ɗauke shi wawa ko mai raunin imani. Idan kuma ya tsallake matakin gaba ɗaya, sai labarin ya tashi daga ɓullowa ya faɗa arangama, ba a ba fargaba lokacin nuna ba.

Sai dai wannan ba ya nufin Bahaushe ba shi da kokwanto. Kokwantonsa a wani wurin yake. Tambayoyin da ke hana gida barci su ne: ciwon asibiti ne ko na iska? Gamo aka yi ko turowa aka yi? Idan turowa ce, wane ne a cikin dangi? Wace doka aka taka? Fim ɗin The Figurine (2009) na Kunle Afolayan ya nuna cewa ana iya riƙe irin wannan kokwanto har ƙarshe a labarin Nijeriya, domin an bar mai kallo bai tabbatar ko gunkin ne ya yi ɓarnar ko hannun mutum ba.

4.2 Nuna Wanda Ba a Gani

Harshen Hausa kansa shaida ne a nan. Bahaushe yana kauce wa kiran aljanu da sunansu, sai ya ce mutanen ɓoye, ko iskoki, ko masu abu. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana nuni da abin da ake jin tasirinsa ba a ganin jikinsa. Wannan ya dace da abin da aya ta 27 ta Suratul A'araf ta karantar game da Shaiɗan da rundunarsa, cewa su ke ganin mutane ta inda mutane ba sa ganin su. To, da zarar kyamara ta tsaya cak a kan fuskar ɗan wasa da aka shafa wa hoda aka ce aljani ne, an rushe ma'anar kalmar. Mai kallo ya san ɗan wasan, wataƙila jiya ya gan shi a wani fim yana rera waƙar soyayya. Dabarar Méliès ta 1896, wadda har yanzu ake ɓatar da aljani da ita, ta zama abin da yara ke yi da wayar hannu.

Ana yawan kafa hujja da ƙarancin kuɗi. Amma The Blair Witch Project (1999) bai nuna mayyarsa ko sau ɗaya ba, Paranormal Activity (2007) kuma a cikin gida ɗaya aka ɗauke shi da kimanin dala 15,000. Ɓoyewa ta fi nunawa arha. Ashe matsalar ta zaɓi ce.

4.3 Fatalwa da Ƙarshen Labari

A Living in Bondage, matar da mijinta ya sadaukar ita ce ke dawowa tana bibiyar sa. Ko da yake akwai kalmar fatalwa a Hausa da camfe-camfen da ke tattare da ita, koyarwar Musulunci ita ce mamaci ba ya komowa duniya. Mai shirya fim da ya aro wannan zubi dole ya yi kwaskwarima, ya ce mafarki ne ko aljani ne ya ɗauki siffar mamacin.

Haka nan ƙarshen labari. Fim ɗin Amurka yana son barin ƙofa a buɗe: a Carrie (1976) hannu ya fito daga ƙasa, a Halloween (1978) an duba inda makashin ya faɗi ba a tarar da shi ba. Fim ɗin Hausa kuwa, bisa tarbiyyar masu kallonsa da sa-idon hukumomi irin su Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da wuya ya ƙare da rinjayen sharri a kan addu'a. Mai kallo ya san malami zai zo, zai yi ruƙiyya, aljani zai fita. Wannan ba aibi ba ne, amma yana da sakamako a kan zubi. Tunda an san wanda zai yi nasara, fargabar dole ta koma kan abin da za a rasa kafin nasarar, da kuma asirin da zai tonu idan aljanin ya buɗe baki. Fim ɗin da bai tanadi wannan ba, malamin cikinsa ya zama ɗan kwana-kwana kawai, ya zo ya kashe wuta a tashi.

4.4 Maye da Mara Lafiya

A nan ne maganar ta wuce batun gwaninta. Dracula ba maƙwabcin kowa ba ne, amma maye a tunanin Bahaushe mutum ne da ake zaune da shi, wanda ake zargi da kama kurwa. Idan fim ya saba nuna mayya a siffar tsohuwa matalauciya mai zaman kaɗaici, yana ɗora wa irin waɗannan tsofaffi alama, kuma zargin maita a Nijeriya ya sha kaiwa ga duka da kora har da kisa. Haka kuma idan kowace farfaɗiya da kowane taɓin hankali a fim aljani ne, ana koya wa iyali su yi jinkirin zuwa asibiti. Ƙa'idar da take wasa ce a inda aka aro ta tana iya zama makami a inda aka kawo ta.

5.0 Tubalan Gida

Adabin baka da al'adun Hausawa suna da nasu ƙa'idojin ban tsoro, kuma dukkansu sun dace da kyamara.

Na farko, lokaci da wuri. Almuru da tsakar rana da talatainin dare, gindin tsamiya da kuka, juji da kufai da tsohuwar rijiya da mararraba. Bahaushe ba ya buƙatar kiɗa ya gaya masa akwai haɗari idan ya ga yaro ya nufi juji ana kiran sallar magariba. Tsakar rana ma wata dama ce da finafinan Turai ba su cika amfani da ita ba, wato tsoro cikin haske, lokacin da gari ya yi tsit.

Na biyu, alama guda. A labaran da ake bayarwa na gamo, aljana cikakkiyar mace ce kyakkyawa, sai mutum ya sunkuya ya ga kofato. Ba a sauya fuska, ba a sauya murya. Abu ɗaya tak ne ba ya wurinsa. Wannan dabarar kyamara ce tsantsa: hoto ya sauka a hankali daga fuska zuwa ƙasa.

Na uku, jikin ɗan wasa. Tremearne (1914) da Besmer (1983) sun bayyana yadda ake gane kowace iska a wasan bori ta motsin wanda ta hau: Kuturu da naɗaɗɗun yatsunsa, Malam Alhaji da tarinsa da jan carbi, Ɗan Galadima da taƙamarsa ta 'ya'yan sarauta. Ba sai an yarda da aƙidar bori ba kafin a ga darasin wasan kwaikwayo da ke ciki, wato baƙon ruhi a jikin wanda aka sani ake nuna shi. A ƙasar Nufe ma, ndakogboya da Nadel (1954) ya yi bayani, wanda ake fito da shi domin maganin mayu, dogon ƙyalle ne mara fuska, kuma rashin fuskar yana cikin abin da ke ba shi kwarjini.

Na huɗu, nauyin hukunci. A fim ɗin Toula (1973) na Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, fari ya addabi ƙasa, aka ce sai an ba da budurwa ga mai ruwa. Abin da ke girgiza mai kallo shi ne mutanen da suka zauna suka amince. Labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura yana da irin wannan ƙashi: gari guda ya saba da ɗibar ruwa rana ɗaya a mako.

6.0 Ƙagaggen Kimiyya: Gonar da Aka Bari

Idan fim ɗin ban tsoro ya sha aro, na ƙagaggen kimiyya kusan saura ne a Hausa. Amma rubutaccen adabi ya riga ya share fage. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da tafiyarsa sararin samaniya tare da wani baƙo daga can. Muhimmancin littafin shi ne ya ɗauki tsohon zubin tafiye-tafiyen al'ajabi irin na Ruwan Bagaja da Ganɗoki, duka na 1934, ya sauya abin hawan. Haɗarin da ke gaban mai shirya fim shi ne ya mai da na'ura ta zama laya, wato ta yi komai ba tare da dalili ko iyaka ba. Idan aka yi haka an koma tatsuniya, ko da an sa wa boka farar rigar likita.

Nan ma kuɗi ba su ne shingen ba. Jean-Luc Godard ya ɗauki Alphaville (1965) a titunan Faris da gine-ginenta na zamani, bai gina komai ba. Jihar Neja tana da wuraren da suka fi haka: madatsar Kainji ta 1968, da ta Shiroro ta 1990, da ta Zungeru ta 2023, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Baro, da kufan Zungeru wadda ta kasance hedikwatar Arewa daga 1902, da Dutsen Zuma mai siffar fuskar mutum. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin tafkin Kainji, an kwashe mutanensa zuwa sabon gari. Garin da ruwa ya haɗiye domin a samar da lantarki labari ne da injiniya da mai ruwa za su iya haɗuwa a cikinsa, kuma tambayar da zai tayar ta gida ce: me al'umma ta biya domin ci gaba, kuma wa ya amfana?

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙa'idojin fim ba kayan aiki ne kawai da ake saya a kasuwa ba, kowace tana ɗauke da tunanin masu ita. An ga yadda matakin tabbatarwa, da nuna dodo a fili, da fatalwa, da buɗaɗɗen ƙarshe suka ci karo da aƙida da harshen mai kallo Bahaushe, an kuma ga cewa manyan finafinan ƙetaren ma ɓoyewa suka fi dogara da ita. Kayan aro ba ya rufe katara. Akwai aiki a gaban masana harshe da adabi: tattara labaran gamo da kalmomin sakaya sunan iskoki daga bakin jama'a, da samar da daidaitattun kalmomin nazarin fim a Hausa, domin marubutan finafinai su sami abin dogaro. Dariyar da 'yan kallo ke yi wa aljanin hoda sharhi ce, kuma ya kamata masu shirya fim su saurare ta.